Waken Cikin Kabad

Mako uku muka yi muna haɗa aji huɗu da aji biyar a darasin kimiyya, ni da malamar da kowa ke kira Anti Babba. Ni na kawo tsarin, ita ta kawo shekara ashirin na sanin halin yara. Muka raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da gwangwani biyu da aka shuka wake a ciki, ɗaya a bakin taga, ɗaya a cikin kabad. Kullum sai sun auna da rula sun rubuta. In ina bayani tana zagayawa, in ta karɓa ni in zagaya. Na gaji da ganin yara suna kwafe darasin haske daga allo alhali ba su taɓa ganin abin da duhu ke yi wa ganye ba.

Hedimasta ya ce magana ɗaya ce: in jami'in da ke duba makarantu ya gamsu ranar Talata, darasin haɗin gwiwa ya zauna a jadawali. In bai gamsu ba, kowa ya koma ajinsa.

Ranar Litinin waken kabad ya yi daidai yadda nake so: dogo, siriri, fari fat, sai langaɓewa yake. Na tafi gida ina murna.

Washegari, a gaban jami'in, na sa rukunin farko su buɗe kabad. Sai ga wake kore shar, ganye faffaɗa, har ya fi na taga kyau. Yaran suka dubi littattafansu, suka dube ni.

"Malama, wannan ba wakenmu ba ne," in ji shugabar rukunin.

Anti Babba ta tafa hannu. "Yara, me shuka take buƙata?"

"Haskeee!"

Jami'in ya ɗaga gwangwani, ya jujjuya shi. "To wannan fa, fitila kuka kunna masa a ciki?" Ya yi dariya shi kaɗai, ya yi rubutu, ya fita.

Na tare ta a baranda. "Anti, me kika yi?"

"Asiri na rufa miki, ƙanwata. Baƙo zai zo, ki nuna masa shuka kamar mai ciwon shawara? Da sassafe na ciro masu kyau a bayan gidana na sauya. Haka muke yi tun kina rarrafe."

"Rashin kyan nan shi ne darasin! Tare muka tsara shi!"

"Ke dai kin cika zafin kai."

Na ɗauka a ofishin hedimasta za ta faɗi haka, a kira jami'in a yi masa bayani. Hedimasta ya karanta mana abin da aka rubuta: awon da ke littattafan yara bai dace da shukar ba, da alama malama ce ta ƙirƙira ta ba su suka kwafa. Ya ɗago kai. "Wa ke da alhakin kabad ɗin?"

Na juya na dube ta. Ta gyara mayafi.

"Ranka ya daɗe, ni taya ta kawai nake yi. Ka san yaran yanzu da gaggawa."

Hedimasta ya jawo jadawali ya soke darasin da jan biro. Da muka fito ta dafa kafaɗata.

"Gobe ki dawo min da rulolina, guda goma sha biyu ne."