Ƙurajen Saiwar Wake

Ɗanbaba tela ne a kasuwar Bodinga. A shekarar samun 'yancin kai shi aka ba ɗinkin tutocin da 'yan makaranta za su kaɗa, tun daga nan kuwa kansa ya kumbura. Idan manomi ya kawo masa yadi, da yatsu biyu yake karɓa, yana kau da hanci.

Ana tsakiyar damina mahaifinsa ya rasu a Shagari, ya bar gonar gandu shuke da gero, wake na yaɗo a tsakanin kunya. Bayan sadakar bakwai sai Baffa Na'Allah, wan mahaifinsa kuma babban gidan, ya kira shi zaure.

"Gonag ga ta gandu ta," in ji Baffa. "Na ba ka damanag ga da mai zuwa. In ta ciyar da gida, taka ta. In ba hakanan ba, Tukur shi amsa."

Tukur ɗan ƙanen mahaifin Ɗanbaba ne, gonarsa na iyaka da wannan. Ɗanbaba bai taɓa son noma ba. Amma a ce Tukur, mai faso a dugadugai, wanda ko maɓalli bai iya ɗaurawa, shi zai karɓi abin da ya gagare shi? Ya ce ya ji ya karɓa.

Ya shiga gonar da farar taguwa, ya riƙe fartanya kamar abin aro. Sara kaɗan ya yi sai ya tumɓuko gindin wake. Ya kakkaɓe ƙasar, ya tsaya cak. Saiwar duk ta yi ƙulle-ƙulle kamar ƙuraje. Ya sa farce ya fasa ɗaya, sai ga cikinsa jaja-jaja.

"Subhanallahi! Har da jini!" Ya tumɓuke na biyu da na uku, duk haka. Ya dubi gonar Tukur ya yi tsaki. Wato shekara da shekaru waɗannan mutane cuta suke nomawa, ba wanda ya taɓa duba ƙarƙashi sai da mai ido ya zo daga Bodinga.

Yana cikin tara waken sai ga Malam Maniru, malamin gona na hukumar En'e, ya biyo hanya a kan keke. Ya sauka ya yi sallama, ya karɓi saiwar ya duba, sai fuskarsa ta washe.

"Madalla! Wanga wake lahiya lau shike. Ƙurajen ga ɗakuna na. Akwai wasu halittu cikin ƙasa, ƙanana ƙwarai, ido bai ganinsu. Su ka shiga saiwa su zamna. Wake shi ba su abinci, su kuma su jawo wani sinadari daga iska, naitrojin, su mai da shi abin da tsiro ka iya sha. In anka yanke harawa anka bar saiwa ta ruɓe, gero mai zuwa shi samu rabonai. Jan ga da ka gani alama ta suna aiki."

Ɗanbaba ya dube shi tun daga hula har takalmin roba. Yaro ƙarami, wandonsa ma ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

"Malam, halittun da ido bai gani, mu aljannu muka ce musu. Wake shina cin iska? To kai ma ka ci ta, a huta da ba ka albashi. Ni tela na. In na ga ƙulli ga zare, na san lahani na, warware shi nika yi."

"Ka bar ko kunya guda, ka gwada," in ji Malam Maniru.

"Ka kai wandonka Bodinga in gyara ma."

Malamin ya hau kekensa ya wuce. Tukur, da ke jin su daga kan iyaka, ya ɗaga murya: "Yaya, in tumɓukewa za ka yi, miƙo min ganyen. Tumakina ba su da ƙyama."

Ko ganye ɗaya Ɗanbaba bai ba shi ba. Ya tumɓuke waken gonar kaf, ya shanya, ya cinna masa wuta a bakin hanya don kowa ya gani. Geron shekarar ya yi daidai gwargwado, sai ya ɗauka maganinsa ne ya ci. Matarsa Laraba ta tambayi waken da za a yi ƙosai, ya ce mata ta daina tunani irin na ƙauye.

Da damina ta zagayo, gero zalla ya shuka, ba taki, layi a miƙe kamar ɗinkin keke. Yakan tsaya ya yaba wa kansa. Sai ganyen ƙasa ya fara yin rawaya, rawayar ta riƙa hawa sama. Karan ya tsaya siriri. A hayin iyaka geron Tukur ya yi kore shar, wake kwance a ƙarƙashinsa da ƙurajensa da komai. Ɗanbaba ya ce ruwa ne bai sauka daidai ba, sai ka ce hadari ya san iyakar gona.

Ranar girbi Baffa Na'Allah ya zo da sandarsa. Ya karya zangarniya ɗaya, ba ta fi yatsa kauri ba, ya murza ta a tafin hannu, ya hure. Abin da ya rage bai isa tsabar kaza ba.

"Wanga shi na wayewar?" Bai jira amsa ba, ya juya. "Tukur, baɗi ka sa mata wake."

Ɗanbaba ya koma kan keken ɗinkinsa a Bodinga. Duk wanda ya tambaya, sai ya ce kyauta ya yi da gonar, don ƙasar na da cuta.

Bayan kakar da ta biyo Tukur ya aiko da ƙwaryar wake daga gonar. Laraba ta dafa, ta ajiye a gabansa. Ya juya shi da cokali yana yatsine.

"Kin wanke shi da kyau dai?"

"Na wanke."

Ya cinye tas, ya miƙa mata kwanon ta ƙaro.