Ruwan Cuku a Kwamin Tinka

…Talata ce, da hantsi, ranar da motar madara take hawowa ƙauyen. Otilia, likitar dabbobi, ta miƙa wa kawunta ƙullin garin maganin aladensa, ta ce a ruwan sha, Kawu, safe da yamma. Ya gyaɗa kai. Ai ya gyaɗa kai.

Yau Asabar. Otilia na tsugune a ɗakin alade, gwiwa cikin ciyawa, tafin hannu a kan cikin Tinka, aladen mai juna biyu. Zafi rau. Numfashi — ja, tsaya, ja. 'Ya'yan suna motsi a ciki har yanzu… Ita kaɗai ta rage wa Kawu Gavril. Tun da matarsa, Inna Smaranda, ta rasu, in ba don wannan dabba ba, me zai tashe shi da safe?

To me ya hana maganin aiki? Bai lalace ba. Awon daidai ne, da hannunta ta auna. Ciwon huhu ne, ta sha ganinsa, wannan garin yana kwantar da shi. A gonar da ke gangare ma shi ta bayar, aladun duk suka miƙe.

Kwamin. Wani fari-fari a gindinsa, da ɗan tsami. Ta dangwala yatsa, ta shinshina.

Ruwan cuku — ruwan madarar da ke saura in an cire cuku.

A'a, Kawu. A'a…

Ta tuna aji mai sanyi, malami na ƙwanƙwasa allo: wannan magani da madara ba sa haɗuwa, sinadarin madara yana kama shi a hanji ya ɗaure, ya bi kashi ya fita, jini bai gan shi ba. Ta rubuta. Har layi ta ja a ƙasa. Amma shi ta gaya masa? Wa zai ce sai an faɗa — wa bai sani ba, a nan kowa ruwan cuku yake ba alade, tun kakanni, ita ma ta ɗauki bokitin nan tana ƙarama…

Otilia tana kwance da zazzaɓi, 'yar shekara shida, ta tofar da ƙwaya. Kawu ya daka ta a cokali, ya zuba a madara mai zuma. Shanye, 'yar tsuntsuwata, babu ɗaci. Hannun nan ne. Shi ne dai.

Da ma allura ta yi wa Tinka tun farko. Amma hannunsa na rawa, ita kuma sai ta riƙa hawo hanyar dutse, kullum, da motar da ke tari… garin magani ya fi sauƙi. Ga wa?

"Yaya dai, babbar likita?" Yana bakin ƙofa, hula a hannu. "Garin nan naki ɗaci kamar bakin surukata. A ruwa ko kallonsa ba ta yi. Sai da na yi mata dabara, ta lashe kwamin tas."

Murmushi yake. Jira yake a yaba masa.

In ta faɗa masa, Tinka ta rayu ko ta mutu, zai kwana da shi har ƙarshen ransa. In ba ta faɗa ba, gobe ma zai ɗumama mata ruwan cukun, ya gaya wa maƙwabta dabararsa…

"Riƙe mini kanta, Kawu."

Ta zuƙi maganin allura, ta lalubi bayan kunnen Tinka. Kwana huɗu huhun na cika. Yau ne ranar farko ta magani, yau — in akwai sauran lokaci. Zancen kuma… bari dai. Bari ta gama wannan.

Allurar ta shiga. Tinka ko motsi ba ta yi ba.