Mazan Matsattsaku na Manaja Nie

"Babu halittar da ta fi ƙarfin tsari, kuma tsarin ɗaya ne a ko'ina: namiji ɗaya, mata shida." Abin da Manaja Nie ya faɗa ke nan ranar da ya karɓi gonar matsattsakun surukinsa, Tsoho Dou, a bakin tafkin Weishan. Shekara goma sha biyu ya yi yana kiwon agwagi, kuma bai ga dalilin da tsutsa za ta fi agwagwa wayo ba.

Qiao Fengxia, mai kula da iri, ta ji, ta ci gaba da zuba dodon-koɗi a kududdufi na uku. A nan irin gonar yake, manyan matsattsakun da aka ware don haihuwa aka hana masu haɗa magani, shekara biyu tana ciyar da su. Saura mako uku su hau gaɓa su binne ƙwai a ƙasa mai danshi. Aikinta ke nan gaba ɗaya. In iri bai haihu ba, babu abin da za a riƙe ta ta yi.

Washegari Nie ya ce a kamo masa su ya tantance. Ya birkice ɗaya, ya matsa cikinsa da babban yatsa, wani farin zare ya leƙo.

"Namiji."

Ya matsa na biyu. Namiji. Har na arba'in bai samu ko mace ɗaya ba.

"An cuci Baba," in ji shi. "Shekara biyu yana ciyar da barikin soja."

"Manaja, duba ƙasa kaɗan," Fengxia ta ce. "Ƙirga zobe biyar na jikinsa daga wurin zaren, za ka ga wata 'yar ƙofa. Ta mace ce. Kowanne yana da duka biyun. In biyu suka haɗu, kowa ya bayar, kowa ya karɓa, dukansu su yi ƙwai."

Geng mai gadi ya tuntsire da dariya. "Da haka muke, da uwar 'ya'yana ta daina yi mini gorin naƙuda!"

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Nie bai yi ba.

"Yaya Qiao, aji nawa kika gama?"

"Biyar."

"To."

Ta ce a buga wa Tsoho Dou waya. Nie ya ce mutumin da aka yi wa aikin ido ba a tayar masa da hankali kan tsutsa. Maza dai ba su da amfani sai a magani, don haka a shanya su. Shi zai kawo mata daga wurin wani da ya sani.

Kwana uku tana soke su a kan waya tana jerawa a rana. Kowanne ta ɗauka, wuyansa ya riga ya kumbura, daidai inda kwanson ƙwai ke fita. Tana gani, tana sokewa. Sau ɗaya ta yi tunanin ɓoye bokiti guda a cikin ciyawa, amma Nie na zaune a inuwa da gorar shayinsa, ita kuma bayanta na ciwo. Da rana ta ci turararren burodi da kabeji mai gishiri, ta koma.

Matan suka iso a mota, 'yan ƙanana, ba su isa haihuwa ba sai baɗi. Waɗannan Nie bai matsa su ba. Mai sayarwa ya ba shi takardar shaidar cewa mata ne.

A wata na biyar na shekara Tsoho Dou ya dawo da baƙin tabarau. Ya tsuguna a gaɓar kududdufi na uku, ya tona da yatsa. Ya matsa gaba, ya sake tonawa. Inda ya saba cin karo da kwansuna masu laushi kamar soso, ƙasa ce kawai.

Ya daɗe yana kallon mijin 'yarsa tilo. Sannan ya juyo.

"Fengxia, ke ce a kan iri."

"Ni ce, Maigida."

"Kin san gona ba ta riƙe mutum haka kawai."

"Na sani."

Bai tambaye ta abin da ya faru ba. Shi da kansa ya koya mata ƙirga zoben, shekara tara da suka wuce.

Ta wanke takalman roba, ta jingina su a bangon rumfa baki ƙasa don kada ruwa ya shiga. Geng ya buɗe mata ƙofa yana kallon wani wajen. Ta hau ƙaramin babur ɗinta ta nufi kasuwar kifi, inda ta ji ana neman masu cire ƙaya.