Ruwan Kamfanin Sukari a Kwamin Awaki

Tun shigowar rani tankar kamfanin sukari ke zuwa tana juye ruwan wankin injinansu a kududdufin bayan garinmu, kyauta, wai a yi ban-ruwa da shi. Baƙi-baƙi ne, yana warin mazarƙwailar da ta yi tsami.

Wata mai bincike daga jami'a, Malama Ummu Salma, ta ɗiba a kwalabe ta tafi da shi. Da ta dawo ta tara maza a ƙofar mai unguwa, ni kuma ina sauraro ta bayan danga. Ta ce soda da gishiri sun yi masa yawa. Sai an bar shi ya kwanta, an sirka da na rijiya, sannan a ba masara da bishiyoyi. Dabba ko mutum kuwa, ko kusa. Sau uku tana maimaitawa. Maza suka watse da magana ɗaya a baki: ruwan yana da amfani.

Surukina Baba Isyaku ya dangwala da yatsa ya lasa, ya ce ai wannan kanwa ce Allah ya kawo har gida. Daga ranar ya daina sayen kanwar dabbobi, ya riƙa cika kwamin awaki da shi. Har da jar akuyata, wadda nake tatsa ina dama wa 'yata Tahira kunu tun da na yaye ta.

Akuyar ta fara zawo. Bayan kwana uku yarinyar ma ta fara, idanunta suka faɗa. A asibitin Kunci aka ba mu ruwan gishiri da sukari, aka ce a lura da abin da take sha.

Na gaya wa maigidana Muhammadu Sani. Ya ce haƙori ne, kuma shi ba zai gyara wa mahaifinsa kiwo ba. Na je wurin uwarsa, Inna Hure. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ke ko kunya ba kya ji? 'Yar fari ce fa kike wa wannan rawar jiki."

Wato in zauna ina sunkuyar da kai, yarinya tana ƙarewa a bayana, don a ce na iya kunya.

Washegari da safe na hango Baba da bokiti ya nufi turke. Na ɗauko kofin silbar da nake ba baƙi ruwa, na bi shi. Na jira ya gama zubawa, na tsoma kofin a kwamin na cika shi. Na durƙusa har ƙasa, na miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ga ruwa."

Ya ce mene ne haka. Na ce kanwa ce, ba ta cutarwa, a bakinsa na ji. Abin da jikarsa ke sha ne kullum, sai dai ita ta cikin akuya yake biyowa.

Inna ta leƙo tana salati. Muhammadu Sani ya tsaya a bakin zaure kamar an dasa shi.

Baba ya karɓi kofin, ya kai kusa da hanci, ya daɗe yana kallonsa. Bai sha ba.

Na tashi na kwance akuyata, na ja ta zuwa bakin rijiya. Babu wanda ya tare ni.