Mai Sharar Ƙasa

Yayana ne ya kawo tankin kifin, ranar da na kira shi don mu yi maganar aikina. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba na ajiye koyarwa na dawo gida, ni ce wanka, ni ce juyi, ni ce magani. Shugabar makarantarmu ta yi min kara, ta ce za ta riƙe min gurbina har a buɗe sabon zango, daga nan kuma ba ta da yadda za ta yi. Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba, a samo mai zama da Baba da rana, ko Yaya da Auta su karɓe ni wasu ranaku. Sai ga Yaya da akwatin gilashi da ƙananan kifaye masu launi, yana murmushi kamar ya kawo likita.

"Kallon kifi yana kwantar da hankalin marar lafiya," in ji shi. "Maganarki kuma za mu zauna."

Aka ɗora tankin kan teburin da ke gefen gado, aka kunna injin kumfa. Kifayen suna da kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Sai dai duk a sama suke yawo, Baba kuwa a kwance yake, idonsa daidai gindin tankin. Tsakuwa kawai yake gani da wata ciyawar roba. Ni na lura, don ni ce nake durƙusawa a wajen ina goge masa baki.

Da na faɗa wa Yaya, ya ce dama yana son a samo irin kifin nan mai sharar ƙasa. Muka bar Auta da Baba, tana tura baki, muka tafi shagon mai kifi. A wani tanki na can ƙasa na gan su, 'yan dunƙule-dunƙule masu gashin baki, sun haɗa kai suna tonon yashi tare.

"Guda nawa za a sa?" in ji mai kifi. "Sun fi son zama da 'yan uwansu."

"Ɗaya ya isa. Shara zai yi, ba biki ba," in ji Yaya.

"Ranka ya daɗe, ɗaya ma yana jurewa."

"Yauwa. Mai juriyar muke so. Abinci fa?"

Mai kifi ya fara nuna wani gwangwani na abinci mai nutsewa, Yaya ya ɗaga masa hannu. "In ka ƙosar da shi, wa zai yi sharar? Abin da ya faɗo ya ci." Mai kifi ya yi dariya ya ce haka ne. Ni kuwa lallaɓa Yaya nake yi saboda maganata. A mota na sake tayar da ita, ya ce in bari ya tuntuɓi matarsa, wayarsa ta yi ƙara, shi ke nan.

Baba ya so kifin nan. Idonsa na bin sa daga wannan kusurwa zuwa waccan, wani lokaci har gefen bakinsa mai lafiya ya motsa. Amma babu abin da ke faɗowa. Na saman nan haɗamammu ne, kafin ƙwaya ta nutse sun wawashe. In na ƙara abincin, ruwa ya yi fari ya fara wari. Kashin kifi kuwa, wanda Yaya yake zaton shi ne abincin mai sharar, ko kallonsa ba ya yi. Ni nake zuƙe shi da ɗan tiyo cikin bokiti, bayan na gama da bahon Baba. Tsakuwar ma mai kaifi ce, ta cinye wa kifin gashin baki, cikinsa ya lotsa. Na roƙi Auta ta biya shagon ta taho da gwangwanin nan, tunda ni ba ni da mai karɓata in fita. Ta ce to. Da ta zo ta ce wallahi ta sha'afa, ta ɗauki hoton tankin ta tura wa ƙawayenta.

Aka buɗe makaranta. Shugaba ta kira ni da kanta, tana ba ni haƙuri kamar ita ta yi min laifi. Na ce ba komai, na kashe wayar na shiga banɗaki na yi kukana, na fito na dama wa Baba abin sha. A makon ne na tsinci kifin a bayan ciyawar roba, ya juya ciki sama. Na kwashe shi da cokali. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rataye tiyon a ƙusa na daina zuƙe ƙasan tankin.

Ranar hutu Yaya ya zo. Ya gaida Baba daga tsaye, ya leƙa tankin ya yamutsa fuska.

"Ƙasan nan ya yi ƙazanta. Da ba haka yake ba. Ina mai sharar?"

"Ya mutu, Yaya."

"Ashe ragon kifi ne. Amma ya yi aiki fa, tankin nan tas yake a da. Zan aiko direba da wani." Ya ɗauki makullin motarsa, har ya kai ƙofa ya waiwayo. "Af, maganar makarantar taki fa?"

"Sun ɗauki wata."

"To, madalla. Kin ga an huta da wannan. Dama hankalinki ya rabu biyu."

Na ji tashin motarsa. Baba yana kwance, idonsa a kan tsakuwar yana nema, sannan ya juyo da shi kaina. Lokacin juya shi ya yi. Na juya shi, na gyara masa matashi, na ciro tiyon daga ƙusa.