Bugu Uku a Gindin Tsamiya

Ni na zaɓi injin. Ina so a san wannan tun farko, domin har yau akwai masu cewa a Kaura Namoda wai Alhaji Rufa'i mai shagon injuna ne ya yaudare mu. Bai yaudari kowa ba. Ni ce na nuna da yatsana.

Mahaifina, Gado, sana'arsa rage wa itatuwa rassa. In dogon yaro ya ranƙwafa kan rufin wani, ko tsamiya ta tsufa tana neman faɗa wa katanga, shi ake kira, daga Kaura har Zurmi da Shinkafi. Ba shi da ubangida, gatari biyu da igiya su ne kayan aikinsa. Kafin ya hau kowace bishiya yakan bugi gindinta sau uku da bayan gatari, ya manna kunne a jikinta, ya saurara. Daga amon yake gane ko cikinta kogo ne, ko reshe zai iya ɗaukarsa. Wani lokaci kuma sai ya ɗago ya ce wa mai gida, "Akwai mutane ciki. A ba su kwana ukku su tashi." Ya saɓa gatarinsa ya dawo gida.

Ni kuwa na gama kwalejin horon malamai, ina koyarwa a firamare kusa da tashar jirgin ƙasa. Nakan ce masa zuma ce ko jemagu yake ji. Ba ya musu da ni.

A shekarar 1989 kafaɗarsa ta dama ta fara ƙin ɗaga gatari. Aikin yini ɗaya ya koma na kwana uku. Na ce za mu sayi injin yankan itace, na kuma ja shi har shagon Alhaji Rufa'i.

Alhaji ya fara nuna mana wani littafi mai hotuna. A ciki akwai injin da ake zuba wa rassa ya niƙe su kamar dusa. Baba ya daɗe yana kallon hoton.

"Wanga wane mahaukaci ya ƙera shi? A niƙe itacen da mata ka saye su dahwa tuwo?"

"Ba naka ba ne, Gado," in ji Alhaji yana dariya. "Ga naka nan."

Injuna biyu ne a kan tebur, ƙarami da babba. Aka tayar da kowanne a ƙofar shago. Babban da ya yi ruri, sai da awakin da ke tsallaken titi suka watse.

"Ƙaramin ya ishe ni," Baba ya ce. "Ba shi da yawan murya."

"Baba, ba mawaƙi muka zo saye ba. Babban zai yi maka aikin mutum biyar."

"Gado, ɗiyarka ta yi boko," in ji Alhaji. "Bar ta ta karanta maka takarda."

Na karanta, na zaɓi babban. A cikin kwalinsa akwai wani abin rufe kunne, kamar ƙananan ƙoƙuna biyu da aka haɗa da lanƙwasasshen ƙarfe. Sau ɗaya Baba ya sa shi. 'Yan tasha suka yi ta kiransa direban jirgin sama, amma ba wannan ne ya sa ya cire ba. Ya ce reshe yana magana kafin ya karye, mai hawa kuwa ba ya toshe kunne. Ya rataye abin a ƙusa cikin zaure.

Shekara biyu aiki na zuwa kamar ruwan sama, ni kuma ina tafiya da kai a sama. Daga nan sai Baba ya fara cewa "Mi?" in an yi masa magana. Ya daina jin kiran salla sai an taɓa shi. Wata rana muna cin abinci ya ce in je in kashe injin. Injin kuwa yana ɗaki, ko mai babu a cikinsa.

A Zurmi ya bugi wani tsohon maɗaci, ya sa kunne, bai ji komai ba, ya hau. Reshen ashe kogo ne. Ya faɗo kan danga, haƙarƙari biyu suka karye. Bayan ya warke, ba wanda ya sake aikowa. A gidan suna wata mata ta faɗa mini a gaban jama'a: "Malama Kulu, ke kika kurumtar da tsohonki. Yanzu itace ba ya yi mai magana."

Ban yi kuka a gabanta ba. Washegari na ɗauki babban injin na mayar wa Alhaji Rufa'i, na karɓo ƙaramin. Sannan na durƙusa gaban Baba, na yi magana da ƙarfi daidai kunnensa na hagu, wanda ya ɗan rage.

"Kai za ka buga, ni zan saurara."

Ya kalle ni. "Malamar makaranta?"

"Ran Asabar da Lahadi ba ni da aji."

Wata uku yana koya mini a bishiyoyin bayan gari. Mai lafiya amonta gajere ne, kamar an bugi turmi cike da hatsi. Mai kogo takan ja amon. Tun da ba ya jin maganata daga nesa, muka yi alama: yatsa ɗaya lafiya, biyu kogo ne a hau da hankali, uku akwai mutane. Na gaya masa ba zai taɓa ganin uku a hannuna ba.

An sha yi mini dariya. Almajiraina na aji biyar suna leƙena ta katanga ina rungume da gawo. Hedimasta ya kira ni ofis ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Ƙananan ayyuka muka riƙa samu, nan reshe ɗaya, can biyu, a gidajen masu jin tausayinmu. Baba ya tsani tausayin nan fiye da yadda ya tsani kurumtar.

Babban aiki na farko daga Dauran ya zo. Wani manomi, Malam Jafaru, yana da ƙatuwar tsamiya da ta karkata kan rumbunansa uku, ga damina ta kusa. Ya ce a ranar yake so a kayar da ita, in Gado ba zai iya ba akwai samari masu inji da za su zo daga Gusau. Na san in muka kayar da tsamiyar nan lafiya, sunan Baba ya dawo.

Rana tsaka ce, ranar kasuwa, unguwar shiru. Ko tsuntsu ɗaya babu a kan tsamiyar. Baba ya buga sau uku. Na manna kunne. Amon ya ja, kogo ne babba. Har na fara ɗaga yatsu biyu.

Sai aka bugo daga ciki. Sau uku, a hankali, daidai inda kunnena yake.

Ban ɗaga kaina ba. Na ji an ajiye wani abu a ƙasa, kamar ƙwarya. Sannan wata tsohuwa ta yi gyaran murya, irin wadda ake yi in baƙo ya tsaya a ƙofa bai yi sallama ba.

Na zagaya bishiyar. Babu rami, babu tsaga, babu kowa. Malam Jafaru yana zaune a inuwar rumbu yana sakace. Baba kuwa hannuna kawai yake kallo, igiya a kafaɗarsa. In na ɗaga biyu zai hau, kuma ba zai taɓa sanin abin da na ji ba.

Na ɗaga uku.

"Malama, har ke?" in ji Malam Jafaru. "Ashe bokon bai kama ki ba."

"Ya kama ni, Malam. Kwana uku."

"In kira na Gusau ke nan."

"Kira su."

Ya aika, suka zo washegari. Amma kafin su iso labari ya gama Dauran cewa malamar da ba ta yarda da komai ba ta ji mutane a tsamiyar Jafaru. Samarin suka sha ruwa, suka kalli bishiyar, suka ce sarƙar injinsu ta dakushe.

Ran Talata na nemi izini a makaranta muka koma. Baba ya buga. Na saurara har wuyana ya ƙage. Kogo kawai, wanda ba kowa cikinsa. Na ɗaga biyu. Ya hau, ya sauke rassan ɗaya bayan ɗaya da igiya, ko ciyawar rufin rumbu bai taɓa ba. Da la'asar gangar jikin ta kwanta inda ya ce za ta kwanta.

Ni na fara leƙa kututturen. Faɗin kogon ya kai a shimfiɗa tabarma. Babu kashin jemage, babu yanar gizo. Ƙasar a share take, ga sawun tsintsiya layi-layi. A gefe guda akwai ƙananan duwatsu uku, baƙi ƙirin da hayaƙi. Na taɓa ɗaya. Da ɗuminsa.

"Mi ke ciki, ɗiyata?" Baba ya tambaya.

Na matsa kusa da kunnensa. "Ba kowa. Sun tashi."

Kafin sati ya zagayo an aiko daga Galadi, an aiko daga Shinkafi. Masu aikowa sukan ce, a zo da Malama. In abokan aikina suka tambaye ni abin da na ji a Dauran, nakan ce itace yana ƙara in zafi ya yi yawa, haka yake a littafi. Ban taɓa ba su labarin duwatsun ba.

Ranar da za mu tafi Galadi, mun fito zaure ke nan Baba ya tsaya. Ya miƙa hannu ya ciro abin rufe kunnen nan daga ƙusa, ya kakkaɓe shi da gefen rigarsa, ya ɗora mini a kan ɗankwali.

"In na tada inji, kada ki cire," ya ce.

Ban taɓa cirewa ba.