Fayil na Arba'in da Biyu

Sa'ada ta danna maɓalli, ta jingina da bango tana kallon rubutu yana gudu a kwamfuta. Gobe ne walimar sauka a Islamiyyarsu ta Unguwar Tudu, ga shi duk takardun makarantar na ɗauke da sunan mahaifinta, Malam Bashari, alhali tun watan jiya ya miƙa ragama ga ƙaninsa, Malam Ƙasim. A raba wa ɗalibai shaida da tsohon suna a gaban jama'a? Ai sai a ce ba a yarda da sabon shugaba ba.

Fayil arba'in da biyu ne, kowanne da layi uku a samansa: sunan makaranta, sunan shugaba, sai addu'a. Ita kuwa Sa'ada ba ta jure aikin maimaici. Sai ta rubuta wa kwamfutar ɗan shiri wanda zai nemo layukan ukun a jere, ya musanya su, ya haɗa takardun da kansa.

Shirin ya tsaya. Arba'in da ɗaya sun canza, ɗaya ya ƙi, kuma shi ne na takardar saukar.

"Lafiya, uwar na'ura?" in ji Malam Ƙasim, yana cire takalmi a bakin ƙofa.

"Baffa, guda ya gagara. Layi uku na ce a nemo, wannan kuwa huɗu ne."

Nan ta tuna cewa Baba da kansa ya buga wannan, da yatsa ɗaya, shekarar da ta koya masa kwamfuta. A saman sunansa ya ƙara layi: Ɗalibin Malam Ya'u na Getso.

Malam Ƙasim ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Yanzu zan gyara, Baffa. Minti biyu, in share duka huɗun."

"Share wa? Shi Yaya bai share malaminsa ba, sai ni zan share nawa? A gaban Yaya na yi sauka. Sa ni a ƙasa."

Daɗi ya kama Sa'ada. Ta ƙara wa shirin sharaɗi ɗaya: in ka zo wannan fayil, kada ka musanya, ƙari za ka yi. Ta sake dannawa, takardar ta fito da layi biyar.

Baffa ya leƙa ƙasan sunansa.

"Ki bar ɗan fili nan, don mai zuwa bayana," ya ce.